Nauyin Akwatin Wuta

Ƙanwata Auta ce ta kawo mini labarin, ranar wata Talata da hantsi. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta fara.

"Yaya, kin ji abin da Injiniya ta yi wa ɗanki?"

"Ban ji ba, amma zan ji. Ba don gaisuwa kika hawo matakala ashirin da biyu da wannan gwiwar taki ba."

Ta zube a kujera tana haki. "Ashe tsofaffin kaya ta haɗa masa. Sababbin da kuka sayo ta ɓoye a shagonta ta sayar, ta ɗebo kwashe-kwashe ta cusa a ciki. Shi ya sa kwamfutar ta kama wuta."

"Wa ya gani?"

"Haba Yaya, kowa ya sani."

"Ban ce wa ya sani ba. Na ce wa ya gani."

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyar da fiziks a sakandare, kuma babu maganar da na ja wa jan biro kamar "kowa ya sani". Kowa ya san abu mai nauyi ya fi mara nauyi saurin faɗowa, har sai ranar da na hau tebur na sako guduma da ƙusa tare a gaban aji. Auta ta san halina. Ta ɓata rai ta ce ita dai ta faɗa mini ne don kada in ji a bakin bare.

Injiniya 'yar ƙanena ce, marigayi. Tana da shekara tara ta dawo hannuna. Tana da goma ta warware agogon bangona ta mayar, noti biyu suka rage a tafinta, agogon kuma ya ci gaba da tafiya. Tun ranar sunan ya bi ta. Yanzu ta kai talatin, tana da ɗan shago a hawa na biyu a kasuwar 'yan kwamfuta, tana haɗawa tana gyarawa. Shekara uku ta yi tana gina sunan shagon nan, a layin da duk maza ne in ban da ita.

Shi kuwa ɗana zanen gine-gine yake yi. Kamfaninsu ya rage ma'aikata, ya miƙa kwamfutar ofis tare da makullin durowa, ya dawo gida da jakarsa kawai. Masu son zane suna kiransa, abin yin zanen ne babu. Na ce zan saya masa. Da muka ji kuɗin haɗaɗɗiya sai jikina ya yi sanyi, fansho ba ya wasa da irin wannan. Injiniya ta ce a bar ta ta haɗa: a sayi kayan ɗaya-ɗaya, a tsallake abin da ba dole ba, ita kuma ba ta son ladan hannu. Wata huɗu ke nan.

Na san kwamfutar ta lalace. Abin da ɗana ya gaya mini a waya shi ne, "Ta ɗan samu matsala, Umma." Sauran a bakin Auta na ji shi. Hayaƙi ya fito. Zanen gidaje biyu na mutane ya tafi. Wani mai gyara a bakin layinsu ya leƙa ciki ya ce ai kayan nan sun ga duniya. Ɗana kuma ya hau kasuwa, ya tsaya a ƙofar shagonta, ya kira ta ɓarauniya maƙwabtanta suna ji.

"Ita me ta ce?"

"Ko uffan. Ai kin ga alama. Da tana da gaskiya da ta yi magana."

"Wannan ma kowa ya sani ne?"

Auta ta miƙe. Sai da ta kai ƙofa ta juyo ta ƙara da cewa wata makaranta da ta ba Injiniya aikin kwamfuta goma ta janye. "Ki yi haƙuri, Yaya. Na san ke kika raine ta."

Ban kira Injiniya ba. In na tambaye ta ta ce ba ta yi ba, me na samu? Magana a kan magana. Ina da abin da ya fi bakin kowa. Ni ba na zubar da kwali. Marigayi maigidana yakan ce wata rana kwalaye za su kore mu daga ɗakin kwana. A kan teburin cin abincina aka haɗa kwamfutar nan, kuma ranar na tattara kowane kwali na jera a saman kabad. Kowane kwali yana da lamba, kuma lambar tana jikin abin da ya fito daga cikinsa. Ko dai su zo daidai, ko su saɓa.

Na zaƙulo su da sandar mofa. A cikin mafi girman na tarar da takardar sayayya, rubutun Injiniya da shuɗi, nawa a kai da ja.

Ranar sayayyar tare muka je. Ta so in zauna a gida, na ce kuɗina ba ya fita ba tare da ni ba. Ta bi da ni shago-shago tana bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Furosesa, ƙwaƙwalwar abin ke nan, ta ɗauki na shekara biyu baya, ta ce sabon fita kuɗin suna ne kawai. Na yarda. Bod, babban farantin da komai yake zama a kansa, ta ɗauki mara ado. Da muka zo kan ram, inda kwamfuta take riƙe aikin da ake cikin yi, ta ce a nan ba a rowa, zanen Yaya, wato ɗana, ci gare shi. Na yarda da wannan ma, don ta nuna mini dalili a rubuce. Gidan ƙarfen da za a zuba su ta zaɓi wani baƙi mummuna mai lotsa a gefe, aka rage mana. Na ce mata madalla, ko a titi aka bar shi babu ɓarawon da zai kalle shi sau biyu.

A shago na ƙarshe muka zo kan akwatin wuta, ɗan akwatin nan mai fanka da jelar wayoyi, wanda yake karɓar wutar bango ya raba wa sauran kayan daidai bakin kowa. Wanda ta rubuta an buga masa wat ɗari huɗu da hamsin. Kusa da shi ga wani mai ƙyalli, an buga masa ɗari shida, kuɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na nata ba.

Na ciro biro na yi lissafi a bayan takardar, a tsaye. Furosesa kaza, katin hoto kaza, faifan ajiya, fankoki. Duka bai kai ɗari uku ba.

"To me zai sa mu biya ninki uku mu karɓi ƙarami?"

"Gwaggo, wannan lambar ba a..." Ta fasa. Ta ɗauki nata ta ɗora mini a hannun dama, ta ɗora ɗayan a hagu. "Ɗaga ki ji."

Na daman ya ja hannuna ƙasa. Na hagun kamar gwangwanin madara da aka shanye.

"Haka muke gane su," ta ce. "Mai nauyi ake ɗauka."

"Ku su wa?"

"Duk masu haɗawa."

"Wato kowa ya sani." Na ajiye su a kan kanta. "Yarinya, kankana muka zo saye? Ni na koya miki wuta. Gaya mini, kilo nawa ne wat ɗaya?"

Mai shagon ya kwashe da dariya, wasu biyu da suke tsaye suka taya shi. "Wallahi Mama ta gama da ke, Injiniya!" Ta yi murmushi irin na dole. Ta sake gwadawa ƙasa-ƙasa, ta ce Gwaggo shi wannan in zai mutu ba ya tafiya shi kaɗai. Na ce kowane ɗan kasuwa yana da abin tsoron da yake rataya wa kaya mai araha don a ɗauki mai tsada.

Akwai kuma abin da nake so, ban ɓoye ba. Allo. Ta rubuta ƙarami, ni kuma na san yadda ɗana yake matse ido a kan siraran layuka tun yana saurayi. Rarar da akwatin zai bari ta isa a ɗauki babban allo. Na soke nata da ja, na rubuta ɗari shida, na soke ƙaramin allo. Ta kalli takardar na ɗan lokaci, ta ce, "To, Gwaggo," ta ninke.

Da na sake karanta takardar nan a bakin gado, ba zan yi ƙarya ba, daɗi na ji. Na bi lissafin daga sama har ƙasa, babu kuskure ko ɗaya. Raina bai kawo mini komai ba. Ni sata nake nema, ko rashinta.

Washegari na zuba kwalayen a jaka biyu, na ɗauki gilashin ƙara girman rubutu, na tafi gidan ɗana. Surukata ta buɗe ƙofa ta ga kaya.

"Umma, ƙaura kika yi zuwa wurinmu?"

"Jarrabawa na zo yi. Ina mara lafiyar?"

Kwamfutar tana ƙarƙashin teburinsa, an cire murfin gefe an jingina da bango. Babban allon yana sama, an lulluɓe rabinsa da tawul. Ɗana ya fito daga ɗaki, ya rame, gemu ya yi kwanaki bai ga reza ba. Ya gaishe ni, ya ga kwalayen, ya gane.

"Umma, don Allah ki bar maganar nan. Na haƙura. Ba na so ki shiga."

"Ka haƙura bayan ka tara mata kasuwa? Kawo sikundireba."

Muka ɗora kwamfutar a tebur. Shi yana kwancewa, ni ina karanta lambar kwali, surukata tana bin ta jikin kayan da gilashi, don idonta ya fi nawa. Ram na farko, daidai. Na biyu, daidai. Katin hoto, daidai. Bod ya yi baƙi a inda babbar waya take shiga, amma lambarsa tana nan. Furosesa sai da aka goge wani farin man shafawa da yake kansa kafin rubutun ya fito. Faifan ajiya. Akwatin wuta. Bakwai cikin bakwai.

"Ana canza sitika, Umma."

"Wannan a jikin ƙarfe aka zana shi. Da haƙori ta canza?"

"To mai gyaran ya ce..."

"Me ya gani?"

"Ƙura. Ya ce ji ƙurar da take fankar nan, wannan ba ta wata huɗu ba ce."

Surukata ta kalli taga. Tun bara ake gini a filin da yake jikin gidansu, ko kofi ka ajiye a teburin nan ka je ka dawo sai ka iya rubuta sunanka a kansa. Ta ce a hankali, "Ni dai na ce maka ka tsaya."

Ya zauna a hannun kujera ya dafe kai. Na ga kunya ta taso masa, fushi bai ba ta wuri ba.

"Zanen wata uku, Umma. Ɗaya daga masu gidajen ya riga ya karɓe aikinsa ya kai wa wani. To in sababbi ne, me ya ƙone ta? Sabon abu yana kama wuta haka kawai?"

"Yau ka yi tambayar farko mai kyau. Da ita ya kamata ka fara."

Na faɗi haka da isa, ina jin kaina. Na sa ya mayar da komai ciki, ya tsayar mini da tasi.

Wurin Mai Rediyo na kai kwamfutar. Tsohon ɗalibina ne, yanzu shi ma furfura ta kama shi. Da rediyo ya fara, sunan ya zauna, amma duk abin da yake da waya yana gyarawa, a wani lungu ƙarƙashin bene inda ƙamshin dalma ba ya fita. A bencin baya yake zama a ajina. Sau biyu ya faɗi darasina, kuma ban taɓa kai masa abu ya kasa ba. Wannan ya daɗe yana damuna.

"Malama! Yau ma akwai bulala?"

"In ka yi ƙarya."

Ya share wuri ya ɗora ta. Bai fara da kallo ba, hanci ya sa, yana bi daga gaba zuwa baya kamar mai neman inda ɓera ya mutu. A kan akwatin wuta ya tsaya. Ya kwance shi, ya ɗora a tafin hannu, ya ɗan jijjiga, ya yi fito.

"Daga nan ta tashi."

"Da hanci ka gane ko da hannu?"

"Da duka biyun. Amma tunda ke ce, bari mu buɗe."

Noti huɗu ne. Da ya ɗaga murfin, yawancin abin da yake ciki iska ce. Wani ɗan faranti a lungu ɗaya, ƙarafa biyu sirara kamar an yanko su daga murfin gwangwani, naɗin waya ƙarami, da kwandansa ɗaya, ɗan gwangwanin nan mai tara wuta, da ya fashe, cikinsa ya fito kamar auduga. Ya ɗora bakin sikundireba a kan farantin, inda aka zana wasu siffofi da fari aka huda ramuka, amma ba a dasa komai ba. A wasu wuraren guntuwar waya ce kawai aka tsallaka.

"Kin ga nan? Wurin mai gadi ne, in wuta ta yi yawa shi yake datsewa. An zana masa ɗaki, ba a ɗauke shi aiki ba. Nan ma. Nan ma."

Ya laluba ƙarƙashin tebur ya jawo wani tsoho da ya buɗe tun tuni, ya ajiye kusa da shi. Wannan a cike yake fal, naɗin waya masu kauri, ƙarafa kamar haƙoran mataji, babu inda za ka sa yatsa.

"An rubuta ɗari shida," na ce.

"An rubuta. Ni ma ki ba ni sitika in rubuta miki dubu. Wannan ɗari biyu ma da gumi zai ɗauka. Wata huɗu yana jan abin da ya fi ƙarfinsa. Ranar da ya gaji ya saki wutar gaba ɗaya cikin bod."

"Faifan fa? Za a iya ceto abin da yake ciki?"

Ya gwada shi a jikin wata kwamfuta, ya kara a kunne, ya sake gwadawa. Ya girgiza kai.

Na ce ina son sikeli. Ya aro na maƙwabcinsa mai sayar da ƙusa. Namu bai cika rabin kilo da kaɗan ba. Tsohon nasa ya haura kilo ɗaya da rabi. Na rubuta duka biyun a bayan takardar sayayya, ƙarƙashin lissafina, don ban san me zan yi da hannuna ba.

"Nauyi ba hujja ba ne," na ce. "Ana iya liƙa ƙarfe a ciki."

"Ana liƙawa. Na taɓa samun mai dunƙulen siminti. Mai nauyi yana iya zama na banza, Malama. Mara nauyi ne ban taɓa ganin na kirki ba. Jan ƙarfe nauyi gare shi, ƙarfen da yake shanye zafi ma haka. Ai ke kika koya mana, siririyar waya in an ɗora mata kaya zafi take yi. Shi kaɗai na riƙe a duk ajinki."

Ni na koya musu, kowace shekara, zango na biyu. Sai ga ni na tsaya a shago na yi lissafi mai kyau a kan lambar da ban tambayi wanda ya auna ta ba. Da ɗalibi ne ya kawo mini haka, na san abin da zan rubuta masa a gefe da ja.

Yana mayar da murfin yana magana, bai ɗago ba. "Amma wanda ya haɗa ta ya iya aiki. Ji yadda aka ɗaure wayoyi, ko ɗaya ba ta taɓa fanka. Abin da ban gane ba, mai irin wannan hannun yaya za a yi ya ɗauki wannan gwangwani? Wane mugu ne ya zaɓar muku shi?"

Na ce ya sa mini shi a leda daban.

Daga nan kasuwa na wuce. Matakalarsu ta fi tawa tsawo, sau biyu ina hutawa. Layin yana nan yadda na san shi, kiɗa daga shago ɗaya, ƙarar injin busa ƙura daga wani, wayoyi sun yi lilo a sama. A saman ƙofarta babu allon suna, sai wurin da ya bari a bango, fari tas a tsakiyar datti. Kantocin babu komai. Tana zaune a ƙasa tana naɗe kayan aiki da tsohuwar jarida, wani mutum kuma yana auna bango da tef.

"Gwaggo! Ke da wannan matakalar?" Ta miƙe ta turo mini kujera, ita kaɗai ta rage.

"Ina za ki?"

"Na saki shagon. Jibi zan ba da makulli. Wani kamfani a wani gari yana neman mai kula musu da kwamfutoci, na karɓa. Ba laifi."

"Ke da kika ce kin gama yi wa kowa aiki."

"Na faɗa." Ta koma ƙasa ta ci gaba da naɗi. "Sati uku, mutum biyu ne suka shigo. Ɗaya ma kayansa ya zo karɓa tun ban taɓa ba. Ya buɗe a gabana yana dubawa ko wani abu ya ɓace."

Na ajiye ledar a kan teburinta. Ta ji ƙarar da ta yi, ko in ce rashin ƙarar, ba ta buɗe ba.

"Kin sani," na ce.

"Tun da Yaya ya ce ta baya hayaƙin ya fito."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Yana tsaye nan inda wannan bawan Allah yake, mutane sun cika ƙofa. In ce masa uwarka ce?"

"Ni fa? Wayata ta lalace?"

"Sau biyu na ɗauki waya. Sai in tuna yadda kika tsaya a bayansa ranar da aka kunna allon nan, kina tambayarsa yana gani da kyau." Ta ɗaure wani ƙunshi da roba. "Kuma ni ma da nawa. Na san abin da yake, na ɗaura shi da hannuna. Da na ce ba zan haɗa da shi ba."

"Da na ce ba ki da kunya."

"Da kin faɗa." Ta yi 'yar dariya. "A gaban mai shagon ma."

Na ce ta fasa. Na ce zan bi layin nan ƙofa-ƙofa, zan je makarantar da kaina in ga shugabansu. Ta ce makarantar ta riga ta ba wani, ita ta sa hannu a can, wannan ma ya sa hannu a nan, rigunan waya zai sayar. Mutumin, wanda yake ta yin kamar ba ya ji, ya matso da tef ɗinsa. "Mama, ki ɗan ɗaga ƙafa."

Na ɗaga.

Ta rako ni bakin matakala, ta riƙe mini jaka da ledar. Hannunta duk baƙin jarida.

"Gwaggo, ki dai gaya wa Yaya ban ɗaukar masa komai ba, ya isa. Sauran ki bar shi. A ce wuta aka kawo da ƙarfi. Kowa zai yarda."

Gaskiyarta, kowa zai yarda. Na ce ta riƙa cin abinci a can, ta ce to. Kafin in sauka na tsaya a shaguna huɗu na yi musu bayani, har da wanda ya yi dariya ranar. Suka saurare ni da ladabi, suka ce Allah Ya kyauta, Mama, suka koma kan wayoyinsu.

Ranar Asabar da la'asar na tara su a gidana: Auta, ɗana da matarsa. Injiniya ba ta nan, motarsu ta tashi tun safe. A kan teburin da aka haɗa kwamfutar na jera kwalaye bakwai, da akwatin a buɗe, da takardar.

Auta ta shigo tana dafa bango. "To, Yaya, an kama ta ko?"

"Inna, a bar maganar," in ji ɗana. Ya yi aski, amma bai iya kallon kujerar da Injiniya take zama a kai ba. "Ta turo mini saƙo jiya. Ta ce wuta aka kawo da ƙarfi, ba laifin kowa ba ne. Na kira ta, ba ta ɗauka ba."

"Ah to," Auta ta ce, ta gyara zama. "Ai kowa ya san halin wutar nan. Ni dama ban taɓa yarda yarinyar nan za ta yi sata ba."

Surukata ta sunkuyar da kai tana gyaran zobe. Duk suka juyo suna kallona, suna jira in ce haka ne a kawo shayi.

Na tura takardar gaban ɗana, ɓangaren da jan biro yake.

"Ba wuta aka kawo da ƙarfi ba. Ba ta canza komai ba, kayan duk sababbi ne. Akwatin wutar nan ne ya ƙone ya tafi da sauran. Ta rubuta na kirki, ta hana ni wannan sau biyu. Ni na soke nata, ni na zaɓe shi."